Yadda ake neman ɗakin haya a gidan haɗaka idan ka sauka Ingila

Mafi yawan 'yan'uwanmu da ke sauka Ingila, ko karatu ya kawo su ko aiki, ba sa iya kama gida sukutum a shekarar farko. Abin da aljihu ke ɗauka shi ne ɗaki ɗaya a gidan da wasu ke zaune, kowa da ɗakinsa, a haɗu a kicin da banɗaki. A Kano ko Kaduna haya da sanayya take tafiya: dillali ya kai ka, wani ya ce ya san gidanku, ka biya kuɗin shekara, a miƙa maka makulli. A nan takarda ce ke magana. Wanda sunansa ke kan yarjejeniyar haya doka na bayansa, wanda ya shiga ɗaki da "ai mun yi magana" kuwa, ranar da aka ce ya fita ba shi da abin nunawa. Duk matakan da zan bi da kai a ƙasa kan wannan suka ginu.

Abin da zan faɗa na dokoki, na Ingila ne. Sikotland da Wales suna cikin Birtaniya amma kowacce da dokar hayarta, don haka wanda zai zauna Glasgow ko Cardiff ya duba tasu.

Mataki na farko: kada ka kama ɗakin dindindin kana gida

Na san damuwar. Mutum ya samu biza, ya sayi tikiti, iyaye na tambayar ina zai sauka, sai ya ji dole ya biya ɗaki kafin ya hau jirgi. A daidai wannan gaɓar 'yan damfara ke jira. Sai dai idan ɗakin kwanan ɗalibai ne na jami'arka, wanda ka nema ta shafin jami'ar da kanta, kada ka tura kuɗin ɗakin da ba ka tsaya a cikinsa ba, ko wani amintacce bai tsaya a madadinka ba.

Tanadi masaukin wucin gadi na mako biyu zuwa uku: ƙaramin otal, ɗakin Airbnb (hayar 'yan kwanaki da ake kamawa ta intanet), ko wajen wani da ka sani. Idan wajen ɗan'uwa za ka sauka, ku yanke ranar tashi tun kafin ka iso. Shi ma a haya yake, kuma yarjejeniyoyi da yawa sun hana baƙo ya daɗe. Zai ji nauyin faɗa maka, kai ne ya kamata ka sauƙaƙa masa. Ka kuma sani cewa watan Satumba da Janairu, lokacin da sababbin ɗalibai ke isowa, ɗakuna kan yi wuya a garuruwan jami'a. Mai zuwa a waɗannan watanni ya ƙara mako ɗaya a lissafinsa.

Mataki na biyu: lissafi kafin nema

A tallan ɗaki za ka ga kuɗi da haruffa uku ko biyu a gefensa. Idan an rubuta pcm, kuɗin wata ne. Idan pw ne, kuɗin mako ne, kuma a nan ake yawan tafka kuskure, domin wata ya fi mako huɗu. Ɗakin fam 150 a mako ba fam 600 ba ne a wata. Ninka 150 sau 52, ka raba gida 12, zai ba ka fam 650. Wannan hamsin ɗin a kowane wata kuɗin cefane ne.

Sai ka duba ko kuɗin ya haɗa da wuta, gas, ruwa, intanet da harajin ƙaramar hukuma. Tallan da ya haɗa su yakan rubuta bills included. Ga baƙo, shawarata ya nemi irin wannan ko da ya ɗan fi tsada, saboda bai san abin da ɗumama gida ke ci daga Nuwamba zuwa Maris ba tukuna, kuma rabon kuɗin bil na daga cikin abubuwan da suka fi haddasa faɗa tsakanin mazauna gida ɗaya. Amma ka tambaya ko akwai iyaka. Wasu masu gida kan sa wani adadi, abin da ya haura ku ne za ku cika.

Harajin ƙaramar hukuma, wanda ake kira council tax, yana buƙatar ɗan bayani. Ɗalibi mai karatun cikakken lokaci ba ya biya, amma sai ya karɓi takardar shaida daga jami'a ya miƙa wa hukumar. Idan ana ba da gidan haya ɗaki-ɗaki, kowa da yarjejeniyarsa, harajin na wuyan mai gida. Idan kuwa ku kuka haɗu kuka kama gidan gaba ɗaya a takarda guda, naku ne, kuma idan akwai ma'aikaci ɗaya a cikin ɗalibai, shi hukuma za ta bi, da rangwamen kashi 25 cikin 100. Ku warware wannan tun kafin sa hannu.

Wuri ma lissafi ne. Ɗaki ɗaya a Landan yakan kai kusan fam 1,000 a wata, a garuruwan arewa irin su Bradford, Hull ko Sunderland kuma ana samu a kusan rabin haka. A Landan an kasa sufuri shiyya-shiyya, kuɗin jirgin ƙasa na ƙaruwa da nisa, don haka ɗakin da ya yi araha a bayan gari na iya cinye ribarsa a hanya. Buɗe Google Maps ko Citymapper, ka sa adireshin da wajen aikinka ko makarantarka, ka duba tafiyar a lokacin da za ka riƙa yin ta. Mai aikin dare ko na sassafe ya tabbatar akwai bas a wannan sa'ar. Tafiyar da take minti ashirin da rana tana iya zama sa'a guda da ƙarfe biyar na asubar Lahadi.

Mataki na uku: haɗa takardunka a wuri ɗaya

Tun Fabrairun 2016 doka ta wajabta wa masu gidan haya a Ingila su tabbatar duk baligin da zai zauna a gidansu yana da izinin zama a ƙasar. Yanzu da biza ta koma ta intanet, abin da za ka yi shi ne ka shiga shafin gwamnati na gov.uk, ka fitar da lambar da ake kira share code ta haya, ka ba mai gida tare da ranar haihuwarka. Lambar na aiki kwana 90. Ta haya daban, ta neman aiki daban, kada ka haɗa su. Mai gida na iya duba fasfonka, amma ba shi da hurumin riƙe shi. Wanda ya ce ka bar fasfo a hannunsa jingina, karɓi abinka ka tafi.

Bayan wannan, ajiye takardar ɗaukar aiki ko ta shiga jami'a, bayanan asusun banki na watannin baya, da takardar albashi idan ka fara karɓa. Kamfanonin dillancin gidaje sukan so albashin shekara ya kai ninki 30 na hayar wata. Wanda bai kai ba, ko ɗalibi, sai a ce ya kawo garanto mazaunin Birtaniya, wanda zai biya idan ya gaza.

Garanto ne babban tarnaƙin baƙo. A da mutane kan kauce masa ta hanyar biyan hayar wata shida a dunƙule. Sabuwar dokar masu haya da aka amince da ita a Oktoban 2025, wadda manyan sassanta ke aiki daga 1 ga Mayun 2026, ta hana mai gida neman fiye da hayar wata ɗaya a gaba. Wannan sauƙi ne ga aljihu, amma ya ƙara wa garanto daraja. Mafita uku ce: wasu jami'o'i na tsaya wa ɗalibansu na ƙasashen waje, ka tambayi ofishin masauki, akwai kamfanoni irin su Housing Hand da ke tsayawa garanto a biya su, akwai kuma masu gida da ke ba da ɗaki kai tsaye ba tare da dillali ba, waɗanda takardar aiki da ganin mutum ido da ido kan wadatar da su. Idan wani ɗan'uwa ya yarda ya tsaya maka, ka gane girman abin da ya yi, ka ba shi takardar ya karanta da kyau, domin a yarjejeniyar haɗaka yana iya samun kansa yana biyan bashin wanda bai taɓa gani ba.

Mataki na huɗu: inda ake nema

Shafin intanet na SpareRoom ne babbar kasuwar ɗakuna a ƙasar. Shiga kyauta ne, sai dai yawancin tallan da bai kai kwana bakwai ba, ba ka iya tuntuɓar mai shi sai ka biya kuɗin rajista na ɗan lokaci. Idan kana cikin gaggawa a gari mai cunkoso, biyan na mako ɗaya ya cancanta, tunda ɗaki mai kyau ba ya kwana bakwai. Ka kuma sa naka tallan na mai neman ɗaki, da hoto mai kyau da bayanin kanka, masu gida da yawa ta nan suke zaɓa. OpenRent na haɗa ka da masu gida kai tsaye. Rightmove da Zoopla sun fi amfani idan ku uku ko huɗu ne za ku kama gida gaba ɗaya. Ɗalibai a Leeds, Bradford da Nottingham suna da Unipol, ƙungiyar da ke tantance masu gidajen ɗalibai. Facebook da Gumtree akwai ɗakuna na gaskiya, amma nan tarko ya fi yawa.

Kada ka raina hanyarmu ta gida. Allon sanarwa a masallaci, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ko ta 'yan Najeriya a jami'a, zaurukan WhatsApp na 'yan Arewa a garin, coci ga 'yan'uwa Kirista, har mai shagon nama na halal, duk sukan san wanda ke da ɗaki. A kudancin Landan masallacin Old Kent Road, wanda ƙungiyar Musulmin Najeriya ke gudanarwa, wuri ne da za ka haɗu da waɗanda suka daɗe a ƙasar. Ɗakin da aka samu ta wannan hanya yakan zo da maƙwabta masu fahimtar salla da abincinka. Amma ya bi duk matakan da ke ƙasa kamar kowane ɗaki.

Saƙon farko da za ka aika ya zama gajere kuma cikakke: sunanka, aikinka ko karatunka, ranar da kake son shiga, tsawon zaman da kake nufi, cewa takardunka a shirye suke, da ranakun da za ka iya zuwa dubawa. Mai gida na samun saƙonni da yawa, wanda ya rubuta "ɗakin na nan?" kawai ba a cika amsa masa ba.

Mataki na biyar: gane tarko

Damfarar haya kamanninta kusan ɗaya ne a ko'ina. Ɗaki mai kyau ƙwarai, kuɗi ƙasa da na unguwar nesa ba kusa ba. Mai gida ya ce ya yi tafiya ƙasar waje, ba zai iya nuna maka ba, amma ka tura kuɗi a aiko maka da makulli. Ya matsa maka da cewa wasu na jira. Ya nemi a biya ta Western Union, ko kuɗin kirifto, ko asusun da sunansa ya saɓa da nasa. Wani ma yakan turo hoton fasfo don ka yarda da shi, alhali fasfon na wani ne da aka damfara kafin kai. Shi ya sa kai ma kada ka tura hoton naka ga wanda ba ka gani ba.

Saka hotunan ɗakin a Google Lens ka ga ko an kwaso su daga wani talla. Da fam 7 za ka iya sayen bayanin mallakar gida a shafin hukumar rajistar filaye, HM Land Registry, ka ga sunan mai shi na ainihi. Idan dillali ne, doka ta wajabta masa zama mamba a ɗaya daga cikin hukumomin sauraron ƙorafi biyu, The Property Ombudsman ko Property Redress, kuma ana iya duba sunansa a shafukansu. In har kuɗi ya riga ya fita, kira bankinka a wannan sa'ar, kada ka bari sai gobe.

Mataki na shida: zuwa duba ɗaki

Je da rana, kuma ka tafi da wani in da hali. 'Yar'uwa, ke kam kada ki je ke kaɗai. In ya zama dole, ki tura wa wani adireshin da lokacin da za ki fito.

Babban abokin gabar mai haya a Ingila danshi ne. Gidaje da yawa tsofaffi ne, sanyi da ruwan sama ba sa ƙarewa, baƙar funfuna kan kama bango ta sa tari da ciwon ƙirji, ta lalata tufafi. Duba kusurwoyin rufi, gefen taga, bayan gado da bayan kabad. Shaƙi iskar ɗakin. Bango ɗaya da aka yi wa sabon fenti shi kaɗai abin tambaya ne. Taɓa hita, ka tambayi wa ke da ikon kunna ta da kashe ta, da sa'o'in da take aiki. Akwai gidajen da mai gida ke sarrafa ta daga wayarsa, mazauna na kwana da rigar sanyi. Yawancin gidajen haya suna da takardar ƙimar riƙe ɗumi, EPC, daga A zuwa G, ana duba ta kyauta a gov.uk da lambar unguwa, kuma a ƙa'ida ba a ba da hayar gidan da ya gaza E.

Buɗe shawa ka ga ƙarfin ruwa da zafinsa. Ja ruwan masai. Buɗe taga ka rufe. Duba ko ƙofar ɗakin na da makulli. Ƙirga mazauna, ka ƙirga banɗaki da firji: mutum bakwai a banɗaki ɗaya, kowa na sammakon aiki, ba zama ba ne. Ɗaga kai ka nemi ƙararrawar hayaƙi, doka ta ce a samu aƙalla ɗaya a kowane hawa, da na'urar gano iskar gas mai guba a inda tukunyar ɗumama ruwa take. Nemi ganin takardar binciken gas ta wannan shekarar, wadda injiniya mai rajistar Gas Safe ke bayarwa duk shekara, da ta binciken wayoyin lantarki da ake yi duk shekara biyar.

Gidan da mutum biyar ko fiye, waɗanda ba iyali ɗaya ba, ke zaune a ciki dole ya kasance da lasisin ƙaramar hukuma, ana kiran irinsa HMO. Wasu hukumomin na neman lasisin ko da mutum uku ne. Rajistar a buɗe take ga kowa. A gida mai lasisi, ɗakin baligi ɗaya ba ya gaza murabba'in mita 6.51, na mutum biyu kuma 10.22. Idan ka ga an raba falo da katako an mai da shi ɗaki biyu, ko an jera katifu, ka san babu lasisi, kuma ranar da gobara ta tashi irin waɗannan gidaje ne ke cin rai.

Sai ka nemi ganin waɗanda za ka zauna da su, in ya yiwu ba a gaban mai gida ba. Tambaye su: idan abu ya lalace kwana nawa ake ɗauka kafin a gyara? Me ya sa wanda ke ɗakin ya tashi? An mayar masa da kuɗin ajiyarsa? Amsar waɗannan uku ta fi duk abin da talla ya faɗa.

Mataki na bakwai: wace irin yarjejeniya ce

A nan nake so ka fi natsuwa, domin ɗakuna biyu masu kama ɗaya na iya bambanta ƙwarai a wajen doka.

Idan mai gida ba ya zaune a gidan, kuma ka sa hannu kan ɗakinka kai kaɗai, kai cikakken ɗan haya ne, hayarka kawai ke wuyanka. Ba a fitar da kai sai da sanarwa a rubuce da umarnin kotu. Sauya makulli ko watso kayanka waje laifi ne a ƙarƙashin dokar 1977. A ƙarƙashin sabuwar doka, mai gida ba ya korar ɗan haya babu dalilin da doka ta amince da shi, ba ya ƙara kuɗi fiye da sau ɗaya a shekara, kai kuma kana iya tashi da sanarwar wata biyu.

Idan ku da yawa kuka sa hannu a takarda ɗaya, kowannenku na ɗauke da nauyin hayar gidan gaba ɗaya. Ɗaya ya gudu, mai gida na da ikon neman kuɗinsa a hannun sauran. Kada ka shiga irin wannan da wanda ba ka san yadda yake riƙe amanar kuɗi ba, ko da tare kuka taso.

Idan kuwa mai gida na zaune a gidan, kuna haɗa kicin ko banɗaki, kai abin da ake kira lodger ne. Sau da yawa ya fi araha, ya fi tsabta, ba a cika neman garanto ba, kuma zama da iyali mai mutunci alheri ne ga baƙo. Amma kariyarka kaɗan ce: sanarwa mai ma'ana kawai zai ba ka, ba sai ya je kotu ba, kuma ba dole ba ne ya kai kuɗin ajiyarka wata hukuma. Don haka ku rubuta komai, ko a shafi ɗaya ne: kuɗi, ranar biya, tsawon sanarwa, abin da za a iya cira daga ajiya.

Akwai na huɗu, kuma shi ya fi cin mutanenmu. Wani ɗan gida da ya riga ka zuwa ya kama gida, ya ce ka zo ga ɗaki, ka riƙa ba shi kuɗi a hannu. Niyyarsa na iya zama mai kyau. Amma idan mai gidan na ainihi bai sani ba, ranar da ya gano ku duka za ku iya rasa wurin. Idan gidan na ƙaramar hukuma ne aka ba shi ya juya yana haya da shi, wannan laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Kai kuma ba ka da shaidar adireshi, ba ka da tarihin haya da za ka nuna wa mai gida na gaba, ba ka da hujjar kuɗin da ka biya. Kunya ce ke hana mu tambaya, musamman idan mutumin ya girme mu ko shi ya tarbe mu a filin jirgi. Ana iya tambaya cikin ladabi: "Yaya, don Allah mai gidan ya san da shigowata? Ina so a sa sunana a takarda, saboda banki da wajen aiki suna neman shaidar adireshi." Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba. Wanda ya ɓata rai ya ce ba ka yarda da shi ba, ka gode masa, ka ci gaba da nema.

Mataki na takwas: biyan kuɗi

Dokar 2019 ta taƙaita abin da za a karɓa a hannunka. Kuɗin kama ɗaki kafin a gama bincike ba ya wuce hayar mako ɗaya, kuma ana mayar maka ko a sa shi cikin hayar farko, sai dai idan kai ka fasa, ko ka ba da bayanin ƙarya, ko ba ka da izinin zama. Kuɗin ajiya na ɓarna ba ya wuce hayar mako biyar: a ɗakin fam 650 a wata, fam 750 ke nan. Kuɗin dillali, kuɗin duba ɗaki, kuɗin rubuta yarjejeniya, irin waɗanda muka saba biya a gida, duk haramun ne a karɓa daga ɗan haya.

Cikin kwana 30 dole mai gida ya sa ajiyarka a ɗaya daga cikin hukumomi uku da gwamnati ta amince da su, Deposit Protection Service, mydeposits ko Tenancy Deposit Scheme, ya kuma ba ka bayanin a rubuce. Shiga shafinsu ka tabbatar da kanka. Wanda ya ƙi yi, kotu na iya sa shi ya biya ka ninki ɗaya zuwa uku na kuɗin.

Biya ta banki kullum, ka rubuta "haya" da watan a wajen bayani. In dole sai tsabar kuɗi, karɓi rasit mai kwanan wata da sa hannu. Karanta yarjejeniyar duka kafin sa hannu. Abin da ya shige maka duhu, kai wa ofishin ba da shawara na ƙungiyar ɗalibai, ko Citizens Advice, ko ƙungiyar Shelter. Duk kyauta suke dubawa.

Mataki na tara: ranar shiga da zaman tare

Kafin ka kwance jaka, ɗauki hoto da bidiyon komai: katifa gaba da baya, tabon kafet, tsagewar bango, cikin kabad. Idan an ba ka jerin kayan ɗaki da yanayinsu, gyara abin da ba daidai ba kafin ka sa hannu, ka tura hotunan ga mai gida ta imel don kwanan wata ya zauna. Idan ku ke biyan wuta da gas, ɗauki hoton mita. Ranar tashi waɗannan hotuna ne za su dawo maka da kuɗinka.

Sauran kuma zaman tare ne, kuma gara a faɗi abu a makon farko da a haɗiye shi wata shida. Idan ba ka son a dafa naman alade a tukunyarka, sayi tukwanenka da soso, ka ajiye a kabad ɗinka, ka yi bayani cikin fara'a. Ba za ka hana wani ajiye giya a firjin da yake biyan haya a kansa ba, wanda ba zai iya zama da hakan ba ya nemi gidan Musulmi tun farko, akwai su. Haka 'yar'uwar da ke son gidan mata zalla, ki sa wannan a bincikenki, ki kuma tambaya ko samari ko 'yan'uwa maza na kwana.

Mu ma akwai abin da ake kuka da mu a kai, kuma gaskiya ne. Banɗakin nan ba a yi shi don zubar da ruwa a ƙasa ba, yawanci katako ne a ƙarƙashi, ruwa na iya ɗiga ɗakin ƙasa. Bayan alwala ko amfani da buta, goge wurin. Idan za ka soya man ja ko ka sa daddawa, rufe ƙofar kicin, ka buɗe taga, ka kunna fankar zuƙe hayaƙi. Turaren wuta na tayar da ƙararrawar hayaƙi, kuma gidaje da yawa sun hana kunna shi. Kada ka taɓa rufe ƙararrawar da leda ko safa don ka samu damar yi, rayukan mutanen gidan duka ke rataye da ita. Daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe lokacin shiru ne. Bangon gidajen ba kauri, hirar waya da mutanen gida a sassauta murya, mai tashin sahur ya sanar da maƙwabta tun kafin azumi ya kama, ya dafa abinsa tun da yamma. Koyi ranakun fitar da shara da wace leda ke shiga wane kwando. Idan ka shanya wanki a ɗaki, buɗe taga kaɗan ko da ana sanyi, in ba haka ba funfuna za ta fito a ce kai ka jawo.

Gyaran hita, ruwan zafi, wuta, famfo da rufi na mai gida ne. Kai ƙorafi a rubuce, da hoto, ka ajiye kwafi. Kada ka daina biyan haya don ba a yi gyara ba, wannan na ba shi hujjar kai ka kotu. Idan ya yi kunnen ƙashi, sashen kula da gidajen haya na ƙaramar hukuma na da ikon zuwa dubawa su tilasta masa. Shi kuma ba ya shiga ɗakinka sai ya ba ka sanarwar sa'a 24, in ba gaggawa ba.

Idan lokacin tashi ya zo, ba da sanarwa a rubuce daidai da yarjejeniya, share ɗakin ya koma yadda ka same shi, ka sake ɗaukar hotuna, ka miƙa makulli a hannu da shaida. Da zarar kun daidaita kan adadin, ajiyarka ta dawo cikin kwana 10. Idan mai gida ya ce zai cire abin da ba ka yarda da shi ba, kada ka karɓi ragowar a matsayin an gama. Kai maganar ga hukumar da ke riƙe da kuɗin, suna da masu sasantawa kyauta, kuma shi ne zai kawo hujjar ɓarnar da yake iƙirari. Kafin ka fita, roƙe shi ya rubuta maka gajeriyar takardar shaida cewa kana biya a kan lokaci, domin mai gida na gaba zai tambaye ta.